Minshari, ɗaukewar numfashi cikin barci da tiyatar gyaran fuska: tambayoyi da amsoshi

Wani yakan je wurin likitan haƙori don haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, haɓarsa kuma ta shige ciki. Wani yakan je wurin likitan hanci don hancinsa ya karkace tun wani hatsarin babur. Dukansu biyu iyalinsu sun gaji da zungurinsu cikin dare saboda sun ji numfashinsu ya tsaya cak. Ba kasafai ake haɗa waɗannan koke-koke wuri guda ba, alhali ƙashin da ya ba fuska siffarta shi ne dai bangon hanyar da iska ke bi zuwa huhu. Duk wanda zai taɓa ɗayan da wuƙa ya taɓa ɗayan, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Minshari ne kawai, ko akwai cuta a bayansa?

Ba kowane mai minshari ne ke da cuta ba. Minshari ƙarar naman maƙogwaro ce idan iska tana kaɗa shi a matsattsiyar hanya. Abin tsoron shi ne lokacin da hanyar ta rufe ruf. Idan barci ya yi nisa, tsokokin da ke riƙe da harshe da ganɗa da bangon maƙogwaro sukan saki. Mai faffaɗar hanya ba ya jin komai. Wanda tasa take a matse tun asali kuwa, naman sai ya faɗa ciki ya toshe ta, ƙirji na ta ja amma iska ba ta shiga. Oksijin ya yi ƙasa a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na 'yan daƙiƙu, ya yi gurnani ya fizgi numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba.

Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, su haɗa da lokutan da numfashin ya ragu ƙwarai. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ke nan, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Akwai masu haura 60, wato kowane minti na daren sai an shaƙe su sau ɗaya. Jikin da ake yi wa haka shekara da shekaru yakan biya da hawan jinin da ba ya jin magani, bugun zuciya marar tsari, shanyewar ɓarin jiki da rikicewar suga. Da rana kuma ga gyangyaɗi a wurin aiki, a lokacin huɗuba, har a kan sitiyari. Direban da ke da wannan cuta bai yi magani ba, hatsarinsa a hanya ya ninka na sauran direbobi fiye da sau biyu. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da ita a duniya.

To me ya haɗa wannan da siffar fuska?

Harshe ba a iska yake rataye ba. Babbar tsokarsa a manne take da cikin ƙashin haɓa. Ganɗa mai taushi kuma, wadda beli ke lilo a ƙarshenta, a jikin muƙamuƙin sama take. Idan muƙamuƙin ƙasa gajere ne ko ya koma baya, harshe ba shi da wurin zama sai maƙogwaro. Idan na sama matsattse ne, rufin baki ya yi zurfi kamar kwari, to kafofin hanci da ke bisansa su ma a matse suke, domin rufin baki shi ne daɓen hanci.

Shi ya sa za ka ga siririn saurayi, ba teɓa ba ƙiba, amma numfashinsa na ɗaukewa sau 40 a awa. Irin wannan ana yawan ce masa ya rage nauyi, alhali ba shi da abin ragewa. Duba shi ta gefe ya isa ya sa a fara zargin ƙashi.

Na ji akwai na'urar da ake sawa a hanci. Me ya kawo maganar wuƙa kuma?

Akwai ta, kuma ga baligi ita ce maganin farko. Na'urar CPAP tana hura iska a hankali ta wani takunkumi, matsin iskar ya tokare bangon maƙogwaro kada ya rufta. Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostireliya ne ya bayyana ta a 1981. Kafin nan maganin da aka tabbatar yana aiki ga masu tsanani shi ne a huda maƙoshi a wuya a sa bututu, iska ta kauce wa maƙogwaron gaba ɗaya.

Matsalarta guda ce: tana aiki ne a daren da aka sa ta kaɗai. Mutane da yawa suna ajiye ta bayan 'yan watanni, wasu don takunkumin yana takura su, wasu don hancinsu a toshe yake, iskar ba ta da hanyar wucewa. A inda wuta ke ɗaukewa tsakar dare kuma sai an tanadi batir ko sola. Duk da haka ban yarda mutum ya gwada ta dare uku ya ce ta gagare shi ba. A canza takunkumi, a gyara matsin iska, a yi maganin toshewar hanci, a ba ta makonni. Akwai kuma wata roba da likitan haƙori ke aunawa, ana kwana da ita a baki tana riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, tana taimakon masu sauƙi da matsakaici. Maganar tiyata tana tasowa ne idan waɗannan sun gaza bayan gwaji na gaskiya, ko kuma idan akwai lahani a ƙashi ko nama wanda ido na gani, wanda dama can yana buƙatar gyara.

Wane gwaji ya kamata a yi mini kafin a yanke shawara?

Na farko gwajin barci, ko a asibiti da wayoyi a kai da ƙirji, ko a gida da ƙaramar na'ura. Kada ka yarda a yi maka tiyatar wannan cuta ba tare da shi ba. Shi ne zai faɗi tsananinta, kuma shi ne zai bambanta toshewar hanya da wani nau'in da ƙwaƙwalwa ce ke daina aika umarnin numfashi. Wannan na biyun ana ganinsa a masu ciwon zuciya da masu shan ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi, kuma wuƙa ba ta da abin da za ta yi masa.

Na biyu a gano inda hanyar ke rufewa. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai zura siririyar kyamara ta hanci. A wasu cibiyoyin ana ba mutum maganin barci kaɗan a duba shi yana minshari, dabarar da wasu likitoci biyu a Landan, Croft da Pringle, suka bayyana a 1991. Gani ya kori ji: a nan ake sanin ganɗa ce ke faɗowa, ko gindin harshe, ko bangon gefe, ko duka. Sai hoton ƙashin fuska, da auna yadda haƙora ke cizo. Yawancin masu matsakaici da mai tsanani hanyarsu tana rufewa a wuri fiye da ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa aiki a wuri guda kaɗai yake yawan ba da kunya.

Waɗanne irin ayyuka ake yi?

Daga sama zuwa ƙasa. A hanci ana miƙar da shamakin da ya raba kafofin biyu idan ya karkace, a rage naman ciki da ya kumbura, a tallafi gefen hancin da ke lotsawa idan an ja iska. Gaskiyar magana, aikin hanci shi kaɗai ba kasafai yake warkar da ɗaukewar numfashi ba. Amfaninsa shi ne mutum ya samu numfashi ta hanci, na'urar da ta gagare shi a da ta zama abin jurewa.

A maƙogwaro ana cire tansil, wato ƙulluwan nama biyu da ke gefen maƙogwaro, idan manya ne, a gyara ganɗa. Tsohon aikin da Shiro Fujita ya gabatar a Ditroit ta Amurka a 1981 yanke beli da gefen ganɗa ake yi. Ya yi tashe sosai, har aka riƙa yi wa kowa, daga baya da aka tattara sakamako a 1996 sai aka ga kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai suka samu sauƙin da ake nema. Likitocin yanzu sun fi karkata ga ja da ɗinke tsokokin gefe don a faɗaɗa wurin, maimakon yanke nama da yawa. Mai manyan tansil da ƙaramin harshe shi ya fi dacewa da wannan aiki.

A gindin harshe ana iya rage nama, ko a yanka ɗan ƙashin haɓa inda tsokar harshe ta kama, a jawo shi gaba a ɗaure. Sai babban aikin, na muƙamuƙai biyu.

Yaya ake yin wannan babban aikin, kuma yana warkarwa?

Ana yanka ta cikin baki, don haka ba a barin tabo a fuska. Ana raba muƙamuƙin sama daga sauran ƙashin fuska a saman saiwoyin haƙora, a tsaga na ƙasa ta gefe biyu a bayan turamen haƙori, a matso da su gaba kimanin milimita 10, wani lokaci fiye, a ɗaure da ƙananan farantai da kusoshi na titaniyom. Santimita ɗaya ke nan, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Amma ganɗa da harshe da bangon maƙogwaro duk suna bin ƙashin, hanyar ta buɗe daga bayan hanci har gindin harshe a lokaci guda, bangon kuma ya yi tauri kamar tantin da aka ja igiyarsa.

Abin sha'awa a tarihin aikin shi ne ba don barci aka ƙirƙiro shi ba. Likitocin gyaran fuska ne suka fito da waɗannan yanke-yanke don gyara cizo da siffa. Hugo Obwegeser ya bayyana tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki a shekarun 1950. Sai a shekarun 1980 Robert Riley da Nelson Powell na Jami'ar Stanford a Amurka suka mayar da shi maganin ɗaukewar numfashi. Ke nan a wannan aiki gyaran fuska da buɗe hanyar iska abu ɗaya ne tun daga tushe.

Wani nazari na 2010 da ya tattara bayanan majinyata fiye da 600 ya nuna matsakaicin adadin ɗaukewar numfashi ya sauko daga wajen 64 a awa zuwa ƙasa da 10. Kashi 86 cikin 100 sun cika ma'aunin nasara. A lura da abin da likitoci ke nufi da nasara: adadin ya ragu da rabi kuma ya koma ƙasa da 20. Waɗanda suka warke sarai, wato ƙasa da 5, kashi 43 ne. Idan likita ya ce maka aiki yana da nasara kashi kaza, tambaye shi wanne daga cikin biyun yake nufi. Ban da huda maƙoshi, babu tiyatar da ta kai wannan sakamako a manya, amma ita ce kuma mafi nauyin jinya.

Fuskata za ta canza har mutane su kasa gane ni?

Za ta canza, amma za a gane ka. Haɓa za ta fito, layin muƙamuƙi ya bayyana, naman ƙarƙashin haɓa ya ɗame. Masu shekaru sukan ga kamar sun ɗan ƙara ƙuruciya don fatar ta samu abin dogara. Gefen hanci yakan ɗan buɗe, ƙarshensa ya ɗan ɗaga, akwai ɗinkin da ake yi a ciki don rage hakan.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne mutumin da dama bakinsa a gaba yake, leɓɓansa cikakku, hancinsa mai faɗi, siffar da ta yawaita a tsakanin baƙar fata da mutanen gabashin Asiya. Yawancin ma'aunan farko a kan fuskokin Turawa aka gina su. Idan aka tura irin wannan fuska gaba milimita 10 kai tsaye, baki zai iya yin tsini fiye da yadda mai shi zai so. Gwanayen aikin sukan juya muƙamuƙan ta yadda haɓa za ta fi matsowa gaba, haƙoran sama su matsa kaɗan kawai. Ka nemi a nuna maka tsarin a kwamfuta ko a hoto kafin ranar aiki, ka faɗi abin da ba za ka iya zama da shi ba. Ba son kwalliya ba ne mutum ya damu da fuskar da 'ya'yansa suka san shi da ita.

Tunda za a sa ni barci, ba za a haɗa da gyaran hanci ko haɓa a zama ɗaya ba?

Wasu ayyukan suna tafiya tare lafiya lau. Gyaran haɓa ta hanyar yanka ƙashinta ana yinsa a zama ɗaya da na muƙamuƙai. Miƙar da shamakin hanci ma haka, don idan an ɗaga muƙamuƙin sama likita yana ganin gindin shamakin a fili. Wanda hancinsa ya karye a hatsari, gyaran waje da na ciki aiki ɗaya ne, guringuntsin da aka ciro a ciki da shi ake tallafar waje. Ribar haɗawa a fili take: allurar barci ɗaya, jinya ɗaya, kuɗin gado ɗaya.

Gyaran siffar hanci na waje kuwa likitoci da yawa sukan jinkirta shi watanni bayan aikin muƙamuƙi, domin hanci a kan muƙamuƙin sama yake zaune, ba a sanin yadda zai kwanta sai kumburi ya saɓe. Sannan akwai batun daren farko. Idan an cusa auduga a hanci, an kuma yi aiki a ganɗa da gindin harshe, duk ƙofofin iska sun kumbura lokaci guda a jikin mutumin da dama can shaƙewa ce cutarsa. Wasu cibiyoyin suna haɗawa don suna da ɗakin kulawa ta musamman da ma'aikatan da za su kwana a kansa. Inda babu wannan, a rarraba aikin. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abubuwa biyu kuma ana sayar da su kamar magani alhali ba su ba ne. Robar da ake sawa a kan ƙashin haɓa don ta fito tana gyara hoto, amma ba ta jan tsokar harshe ko kaɗan. Zuƙe kitsen ƙarƙashin fatar wuya shi ma ba ya taɓa kitsen da ke cikin harshe da bangon maƙogwaro.

Akwai tiyatar fuska da ita kanta ke jawo cutar?

Akwai. Mai dogon muƙamuƙin ƙasa da aka mayar masa da shi baya don cizo ya daidaita, harshensa ma ya koma baya, hanyar ta ragu. Shi ya sa yanzu aka fi son a raba gyaran, a matso da na sama gaba maimakon a danne na ƙasa da yawa. Haka yaron da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, idan maganarsa tana fita ta hanci akan ɗinka wani nama daga bayan maƙogwaro zuwa ganɗa don rage yoyon iska. Magana takan gyaru, amma wasu yaran sukan fara shaƙewa da dare. Rage hanci har ya yi siriri fiye da kima ma yana toshe numfashi. Duk mai shirin irin waɗannan ayyuka, idan yana minshari, a yi masa gwajin barci tukuna.

Wanzami ya cire mini beli tun ina jariri. Ta yaya zan kamu da wannan?

Beli ɗan ƙaramin yanki ne na matsalar, kuma ba shi kaɗai ke toshe hanya ba. Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba su da shi amma suna shaƙewa a barci, don harshe da bangon maƙogwaro da ƙashi suna nan yadda suke. Kada kuma mai minshari ya koma wurin wanzami a ƙara yanka. Ban da zubar jini da kamuwa da cuta daga kayan aiki, tabon da yanka ke bari yakan sa ganɗa ta ƙanƙance, ya wahalar da likitan da zai zo gyara daga baya. Ka faɗa wa likitanka an taɓa cire maka, ko da zai gani da kansa.

Ni mai karatu ne, ina limanci. Aikin ganɗa zai taɓa muryata?

Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya ce da ya kamata a yi ta kafin a sa hannu a takarda. Haruffa irin ƙaf da gain da kha daga can bayan harshe da ganɗa mai taushi suke fita, daidai wurin da ake aikin. Idan aka yanke da yawa, makhrajinsu zai iya canzawa, wani kuma iska ta riƙa kuɓuce masa ta hanci, ko ruwa ya biyo hanci idan yana sha. Yawanci wannan na ɗan lokaci ne, amma akwai wanda yake zame wa dindindin. Malam ya sanar da likita cewa da murya yake aiki, ya nemi hanyar da ba ta cin nama da yawa, ko a ƙara ba na'ura da robar baki dama. Aikin muƙamuƙi ba ya yanke ganɗa, sai dai mutuwar leɓe ta watannin farko, wato rashin jin taɓi bayan aikin, tana iya nauyaya haruffan leɓe.

Ɗana ne ke minshari, yana kwana baki buɗe. Shi ma wannan aikin za a yi masa?

A'a, 'yar'uwa, lamarin yara daban ne. Mafi yawansu tansil ne da wani nama a bayan hanci suka yi girma, cire su kuma yakan wadatar. Yaro ba lallai ya yi gyangyaɗi ba. Sau da yawa ƙiriniya ce, rashin natsuwa a makaranta, fitsarin kwance da rashin girma. Mai sikila a ƙara sa masa ido, domin wannan matsala ta fi yawa a cikinsu, raguwar oksijin da dare kuma ba ta yi wa jininsu daɗi. Aikinsu sai da shiri na musamman tare da likitan jini.

Akwai jariran da ake haifa da ƙanƙanin muƙamuƙi har harshe ya toshe maƙogwaro. Wasu kwantar da su rub da ciki ƙarƙashin kulawar asibiti ko sa bututu ta hanci ya ishe su har su girma. Masu tsanani ana tsawaita musu ƙashin: a yanka shi, a sa wani ɗan ƙarfe mai noti, a riƙa juyawa kullum kimanin milimita 1, sabon ƙashi yana cike gurbin. Likitan Rasha Gavriil Ilizarov ne ya yi suna da wannan dabara a ƙafafu, Joseph McCarthy a Niyok ya bayyana amfani da ita a muƙamuƙi a 1992. Ta kuɓutar da yara da dama daga huda maƙoshi.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne yaron da gaɓar muƙamuƙinsa ta manne, baki ya ƙi buɗuwa, bayan faɗuwa a kan haɓa, ko ciwon kunne da ya ci ƙashi, ko cutar noma mai zaizayar baki. Gaɓar nan ita ce wurin girman muƙamuƙi, idan ta mutu tun yana ƙarami haɓa ba ta fitowa, yaron ya tashi da ramammen jiki da mummunan minshari. Iyaye abin da suke nema a buɗe baki ya ci abinci, kuma suna da gaskiya. Sai dai idan aka saki gaɓar kawai, gajeren muƙamuƙin zai iya ƙara zamewa baya, numfashi ya ƙara muni. Don haka likitoci da yawa sukan fara tsawaita ƙashin, ko su yi biyun cikin tsari ɗaya. Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana karɓar yaran da noma ta kulle wa baki. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Mene ne hatsarin aikin?

Mafi girma yana cikin awoyi na farko. Mai wannan cuta yana da wuyar sa wa bututun numfashi, kuma magungunan barci da na kashe zafi masu ƙarfi suna kashe ƙararrawar da ke tashinsa idan ya shaƙe. Ko aikin ƙaba za a yi maka, ka faɗa wa likitan allurar barci kana da ita, ko ana zarginta. Bayan aiki ana kwantar da kai a ɗage, a sa na'urar auna oksijin a yatsa. Idan an koma gida kada a sayo tiramadol ko kodin a kemis don zafi. A Amurka tun 2013 aka yi kakkausan gargaɗi a kan ba yara kodin bayan cire tansil, saboda an rasa rayuka.

Aikin maƙogwaro yana da zafi na mako biyu zuwa uku, kuma jini kan iya ɓallewa wajen kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa. Jini ja daga baki a wannan lokaci, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Aikin muƙamuƙi kuwa kusan kowa yakan tashi leɓensa na ƙasa da haɓarsa a mace, don jijiyar ji ta cikin ƙashin take bi. Yawanci tana dawowa cikin watanni, wasu kuma, musamman masu shekaru, wani yanki ba ya dawowa. Cizo zai iya canzawa har a buƙaci wayar haƙori, faranti kuma wani lokaci yakan yi ruwa a cire shi.

Jinyar fa, me zan ci?

Bayan aikin muƙamuƙi kumburi yakan kai ƙarshe a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ya fara sauka. Kusan mako 6 ba tauna. Kunun gyaɗa, koko da madara, fura da aka dama ta yi laushi aka tace, romon nama, dafaffen wake da aka niƙa, ƙwai mai taushi. A riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, don ƙashi ba ya haɗewa da ruwan koko zalla. Kilishi, tsire, rake da goro sai likita ya ba da izini. Taba da shisha a bar su tun makonni kafin aiki, suna hana ƙashi da nama warkewa. Sunkuyar da kai yana ƙara kumburi da haɓo a kwanakin farko, don haka a tambayi likita lokacin da za a koma sujada a ƙasa. Kada kuma a sa ranar aiki dab da azumi.

Idan na rage ƙiba ba zan huta da duk wannan ba?

Ga mai ƙiba, zai yiwu. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana rage ɗaukewar numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ƙara kashi 10 kuma yana ƙara ta da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshen 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da ke da wannan cuta. Nauyin da aka ƙara bayan tiyata kuma yana iya cinye duk abin da wuƙa ta buɗe.

Na ji ana dasa wata na'ura a ƙirji.

E, ana dasa ta ƙarƙashin fata, wayarta ta je jijiyar da ke motsa harshe, duk jan numfashi sai ta tura harshe gaba. An amince da samfurin Inspire a Amurka a 2014. Tana da tsada ƙwarai, tana buƙatar cibiyar da za ta riƙa saita ta, kuma ba ta dace da wanda ganɗarsa ke rufewa ta kowane ɓangare ba.

Wurin wane likita zan fara zuwa?

Fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko likitan ƙirji. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da wannan sashe da na tiyatar baki da fuska, Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ka tafi da wanda yake kwana kusa da kai, ko a ɗauko ka a waya kana barci na 'yan mintuna. Abin da za ka nace a kai shi ne likitocin su yi magana da juna, likitan barci da na maƙogwaro da na muƙamuƙi da na haƙori, a fito da tsari ɗaya mai cewa wanne za a fara, wanne zai biyo. Ka tambayi mai aikin sau nawa ya yi irinsa, da kuma inda za ka kwana a daren farko.

An yi mini aiki, matata ta ce minshari ya tafi. Na warke ke nan?

Ba a sani ba tukuna. Naman da ke ƙara shi aka gyara, don haka shiru zai iya samuwa alhali numfashi na ci gaba da ɗaukewa ba wanda ke ji. Wannan ya fi na da hatsari, don mai zungurin ma ta daina. A sake gwajin barci bayan wata 3 zuwa 6, lokacin da kumburi ya gama sauka. Kafin nan kada ka sayar da na'urarka, ka tambayi likitan da ya yi aikin ranar da za ka koma sa ta, musamman idan an taɓa hanci ko muƙamuƙin sama. Idan sakamako ya nuna saura kaɗan, sau da yawa robar baki ko kwanciya a gefe ko na'ura mai ƙaramin matsi ta isa ta ƙarasa. Bayan 'yan shekaru kuma, idan gyangyaɗi ya dawo, ko nauyi ya ƙaru, ko hawan jini ya sake gagarar magani, a koma a sake gwajin.